Man Kaɗen da Na Kai Masar

Ni ce Hauwa'u Kulu ta Bauranya. Ban yi boko ba, allon ma ban wuce abin da zan yi salla da shi ba. Surukata Zinatu ce riƙe da biro, ina faɗa tana sawa. Na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana, kada kuma ta tsallake inda bai yi mata daɗi ba.

Shekara arba'in na yi ina karɓar haihuwa. Daga garinmu har cikin Kusada, babu unguwar da ba a taɓa zuwa ɗaukata a kan babur ba. In na ce a dafa ruwa, a dafa. In na ce maza su fita, su fita. Da wannan kan nawa na sauka Alƙahira, goye da jikata, takwarata, wadda iyayenta ke kira Ummi don ba su iya kama sunana. Shekararta bakwai a lokacin. Bakinta garau, wayo kuwa ta fi ubanta, amma ƙafafunta a sanƙare suke tun haihuwa, in an tsayar da ita sai su harɗe kamar almakashi. Likitocin gida sun ce ba ƙafar ce ta mutu ba, saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika mata ne ba ya isa daidai. Su suka ba da labarin wani asibitin yara a Masar, inda ake ɗora irinsu a kan keke, a manna musu wayoyi, lantarki ya riƙa tada naman ƙafar a daidai lokacin da ya kamata ta taka. Zinatu, uwarta, na da tsohon ciki, ba a barinta shiga jirgi. Uban yarinyar, ɗana na fari da ba na kama sunansa, malamin makaranta ne a Kankiya, kwana bakwai kacal aka ba shi ya rako mu. Saura ni.

Wanda ya fara yi mana maraba a ƙasar mutane, shi ya fara cutarmu. Bahaushe ne kuwa, ɗan kamasho, yana ƙanshi kamar an fasa kwalbar turare a jikinsa. Tun muna gida ya rantse wa uban Ummi a waya cewa ya kama mana ɗaki a ƙasa, jikin asibiti, kuma shi zai tsaya mana tafinta har mu gama. A filin jirgi ya durƙusa har ƙasa. "Inna, sannu da hanya, ai kin zo gida." Ya zuba mu a mota aka yi ta kutsawa cikin hayaniya, har ya tsaya gindin wani dogon gida. Ɗakin namu yana hawa na biyar. Akwai akwatin ƙarfen nan da ke hawa da mutane, amma an ɗaure ƙofarsa da waya, wayar ma ta yi tsatsa.

Na ce, "Kai, ina ƙasan da ka ce?"

Ya ce, "Na kwana biyu ne, Inna, jibi-jibi zan sauya muku."

Na dubi ƙwayar idonsa. Na karɓi haihuwar maƙaryata da yawa, tun suna cikin tsumma nake gane su. Washegari wayarsa ta daina shiga, kuma har muka bar ƙasar ba ta ƙara shiga ba.

Mai kula da Ummi a asibitin wata siririyar Balarabiya ce mai gilashi, Malama Huda, ba ta ma kai Zinatu shekaru ba. Keken nasu ba ya zuwa ko'ina, a kafe yake, da kujera mai jingina. Aka zaunar da takwara, aka ɗaure mata ƙafa a matakan, aka manna mata wasu abubuwa masu danƙo kamar filasta a cinya da bayan ƙwauri, kowane da wayarsa. A gabanta akwai ƙaramar talabijin da hoton kwale-kwale a bakin ruwa. In na'ura ce kaɗai ke juya keken, kwale-kwalen ba ya motsi. Sai naman yaro ya amsa ya ba da nasa ƙarfin, sannan ya kama hanyar tsallaken.

Malama Huda ta yi dogon bayani da Turanci, ɗana yana ta gyaɗa kai. Ya juyo ya ce, "Inna, zama goma za su gwada ta. In jikinta ya karɓa, su riƙe ta wata uku. In bai karɓa ba, akwai yara a layi, su ba wani. Sannan ta ce kada a shafa mata mai ko kaɗan kafin a zo. Sabulu da ruwa kawai."

Tun ranar da cibiyar yarinyar nan ta faɗi, gari bai taɓa wayewa ban murza mata ƙafa da man kaɗe ba. Gwangwani guda na taho da shi, wanda na tsince 'ya'yansa da hannuna, na daka, na dafa.

Sai Malama Huda ta taɓa na'urar. Cinyar Ummi ta zabura ita kaɗai.

Wata damina a Rimaye na je barka, wayar lantarki ta tsinke ta faɗa kan san noma a bakin hanya. Da idona na ga yadda ƙafarsa ta baya ta riƙa zabura, mutane sun yi cirko-cirko babu mai iya matsawa, har ya daina. Irin wannan zaburar na gani a cinyar jikata. Na kama bakin gado na riƙe. Ita kuwa dariya take, wai cakulkuli ake yi mata.

Zama uku aka yi ubanta na nan, idonsa a kaina, ban taɓa gwangwanin ba. Kwale-kwalen ya ɗan rabu da gaɓa, Malama Huda har da tafi. Ranar da zai koma ya tsugunna gabana, jakarsa a kafaɗa.

"Inna, don Allah zancen man nan."

Na ce, "Ni za ka koya wa rainon ɗiya? Tashi ka tahi, kada jirgi ya bar ka."

Washegari ina sallame sallar asuba na buɗe gwangwanin. Na ce a raina, su sun san na'ura, ni na san fata. Busasshiyar fata ba za ta jure wannan abu ba, dole a yi mata garkuwa. Na murza mata tun daga ƙugu har tafin ƙafa, na bari ya shiga, na ƙara, sannan na goge saman da tsumma don kada a ga sheƙi. Na ce, "Takwara, wannan tsakanina da ke ne." Ta ce, "To, Kaka."

Daga nan kullum sai in goya ta da zani in sauka matakala tamanin da huɗu, na ƙirga su. Sauka da sauƙi. Hawa ne ke nuna wa mutum shekarunsa. A titi mutane na juyowa suna kallon tsohuwa goye da ƙatuwar yarinya, ƙafafu na lilo har gwiwata. Ni ma sai in kalle su har su kau da kai. A hawa na uku akwai wata mata mai jiki, ban san sunanta ba har yau. Rana ta biyu da ta gan ni jingine da bango ina haki, sai ta shige ta fito da kujera da kofin ruwa. Daga ranar, duk azahar in na iso zan tarar da kujerar a bakin ƙofarta, ko tana nan ko ba ta nan. Ba ta jin nawa, ba na jin nata. Sai dai ta dafa ƙirji, in dafa ƙirji.

Abincinsu burodi ne, da safe burodi, da rana burodi da wake. Na yi kewar fura har ina jin ƙanshinta a hanci. Zinatu ta bugo ta ce ruwa ya sauka a gida, an yi shuka, an shuka mini 'yar gonata ta bayan gari. Na leƙa taga, sama fayau, ko gajimare ɗaya babu. Na ce wa Ummi, "Ƙasar da ba a jin ƙanshin ruwan farko, mi mutanenta ke jira a shekara?" Ta ce, "Kaka, ke dai kin cika mita."

A asibiti kuwa abu ya juye. Da an fara, Ummi ta ɗan yi gumi, sai gefen abin mannawar ya ɗaga. Sai ta ƙwala ƙara. "Yana cizo na! Kaka, yana cizo na!" Malama Huda ta rage ƙarfin na'ura, in ta rage kuma naman ba ya amsawa. Kwale-kwale ya kafe a gaɓa. Ta sauya wayoyi, ta sauya abin mannawa, ta goge wurin da auduga, ta kira wani dattijon likita ya zo ya duba na'urar. Duk ɗaya. A zama na shida na ga jan tabo a cinyar yarinyar, kamar shatin bakin kofi. Na ce, ka ji, abin da nake gudu ke nan, da ban sa mai ba da ya ƙone ta har ƙashi. Washegari na ninka.

Da ɗana ya tafi, asibiti suka haɗa ni da mai yi mini tafinta, Hajiya Batula, dattijuwa ce 'yar Sudan da ke aiki a ɗakin wankinsu. Kakanninta daga ƙasar Katsina suka tashi da ƙafa za su Makka, tafiya ta ƙare musu a hanya. Hausarta irin ta tsofaffin da na taras ce ina yarinya. Ranar da muka fara gaisawa na ce, "Kin kwana lahiya?" sai ta riƙe hannuna ta ƙi saki. Yaya take ce mini. Ita ke kawo mini kunu a 'yar roba, ta ce na dawa ne, in yi haƙuri babu gero.

Sau ɗaya Malama Huda ta sa ta tambaye ni ko ana shafa wa yarinyar wani abu. Na ce, "Ga ƙafa nan gabanta, ta duba mana." Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba, na ji daɗin dabarata.

Bayan zama na takwas aka kira mu ofishin dattijon likitan. Ya daɗe yana magana, Batula na sauraro kanta a ƙasa.

Na ce, "Mi ya ce?"

"Ya ce saura zama biyu, Yaya. Ya ce akwai yaran da fatarsu ba ta jure abin, ba laifin kowa ba ne. In jibi ba a ga canji ba, za su rubuta muku takardar sallama."

Sai Malama Huda ta durƙusa gaban Ummi, ta cire gilashinta, ta yi magana a hankali. Batula ta juya mata. "Wai ke, Ummi, da safe kafin ku taho, mi ake yi miki a ƙafa?"

Yarinyar ta ɗago ta dube ni. Ban ƙifta mata ido ba, ban yi komai ba, Allah ne shaidata. Ta mai da kai ta ce, "Wanka kawai."

Ɗiyar da ko tsinken tsire ta ɗauka sai ta zo ta faɗa da bakinta. Ni na koya mata wannan, a ƙasar mutane, cikin kwana shida.

Da muka fito Batula ta raka mu har bakin titi. Ta taya ni gyara goyo, ta sunkuya kamar tana jan zani, ta daɗe a sunkuye. Da ta miƙe ta ce, "Yaya, tun makon jiya nake jin ƙanshin kakata a jikin yarinyar nan. Ita ma ba ta rabuwa da man kaɗe, har ta rasu ana aiko mata da shi."

Na ce, "To, sai aka yi yaya?"

"Ba a yi komai ba. Ni tafinta ce. Abin da aka faɗa nake juyawa. Wanda ba a faɗa ba, ba nawa ba ne."

Ranar ban zauna a kujerar hawa na uku ba, na wuce ta da haki. Muna shiga ɗaki uban Ummi ya bugo. Ya ce, "Inna, ya jikin? Kwale-kwale ya kusa tsallake?" Na ce waya ba ta ji sosai, na miƙa wa 'yarsa. Ta ce masa lafiya lau. Da ta ajiye sai ta ce, "Kaka, in an kore mu, Baba zai ce ni ce ban yi ƙoƙari ba ko?"

Da safe ban buɗe gwangwanin ba. Na yi mata wanka da ruwan zafi da sabulu har sau uku, tana tsaki. Ina iya tsayawa nan, in yi shiru, in bar su su ga abu ya gyaru da kansa. Na yi wannan tunanin, ba zan ɓoye ba. Amma har lokacin zuciyata ba ta yarda man ne ba. Ina tsoron in kai ta da busasshiyar fata abin ya ƙone ta, ina tsoron in shafa a kore mu. Kuma ni ban taɓa ba mace mai ciki jiƙon da ban ɗanɗana ba. Sai na lakuci man na murza a damtsena na hagu, sosai, yadda nake yi mata, na goge sama. Na jefa gwangwanin cikin jaka.

Muna shiga na ajiye shi a kan teburin Malama Huda, na buɗe murfin. Na ce, "Batula, juya mata, kada ki rage ko ɗaya. Kullum ina shafa mata wannan, tun ranar da ubanta ya tahi. An hana ni, na ji, na yi. Ɗiyar ba ta da laihi, ni na ce ta yi shiru."

Malama Huda ta ɗauki gwangwanin ta sansana. Fuskarta ta yi ja. Ta yi magana da sauri da ƙarfi, tana nuna tabon cinyar Ummi, tana nuna ni. Sauran iyayen da ke ɗakin duk suka juyo. Shekara arba'in rabon da wani ya ɗaga mini murya, sai ga 'yar da na haifi wadda ta girme ta. Na tsaya na sha.

Batula ta ce, "Yaya, ba sai na juya wannan ba."

Na ce, "Na ji shi ba tafinta. Ce mata ta manna mini. Wannan hannun da mai, wannan babu."

Da farko ta ƙi. Na naɗe hannun riga na zauna a gadon, na ce ba na tashi. Ta dube ni ta saman gilashi, sai ta jawo wayoyin. Ta fara da na dama. Na rufe ido ina jiran in zama san Rimaye. Sai na ji kamar hannu mai ɗumi ya kama damtsena ya matsa, ya saki, ya matsa, ya saki. Yatsuna suka naɗe da kansu. Irin matsar da nake yi wa mai jego ce, babu bambanci.

Ta koma na hagu. Abin bai zauna daidai ba, gefensa ya ɗaga, duk ƙarfin ya taru wuri ɗaya. Kamar an soka mini allura mai zafi, kamar harbin rina. Na ce, "Wayyo Allah!" ban san ta fita ba.

Ummi na kan kujerarta tana kallo. Ta ce, "Haka yake yi, Kaka."

Zama biyar tana shan wannan. Ni ina tsaye a kanta ina tsine wa na'ura.

Malama Huda ta fita, ta daɗe, muna jin muryarta da ta dattijon likitan ta bayan ƙofa. Ta dawo ta ce ba za a yi zaman ranar ba, sai tabon ya huce kwana uku. Likita ya ƙi ƙara mana ko zama ɗaya a kan goman, amma ya yarda kada a ƙirga na yau. Biyu dai suka rage. Gwangwanin kuwa ta sa shi a aljihun teburinta ta murɗa makulli.

Kwana ukun nan ban san ɗanɗanon abin da na ci ba. Na kira ɗana na faɗa masa da bakina. Abin da ya ce kawai shi ne, "Allah ya kyauta, Inna." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Zama na tara, Ummi na ganin wayoyi ta fara kuka tun ba a kunna ba. Ta sanƙare ƙafafu, ta ƙi yarda a ɗaure. Rabin lokacin ya tafi a lallashi, kwale-kwale bai motsa ba. Saura ɗaya.

Ranar ƙarshe dattijon likitan ya zo da kansa ya tsaya, takarda a hannu. Takwara ta ƙanƙame zanina. Na ce wa Batula, "Ce wa Malama Huda ta manna mini ni ma, a nan kusa da ita." Aka jawo wata na'urar, aka manna mini a damtse. Na ce, "Takwara, dube ni. In ya cije ni zan yi ihu, kin dai ji ihuna rannan, duk Masar ta ji. In ban yi ba, taka."

Aka kunna. Hannuna ya naɗe. Na ce, "Kin gani? Tsohuwa na dambe." Ta yi dariya da hawaye a fuska. Cinyarta ta zabura, matakin ya sauka, ɗayan ya hau. Ta jira cizon, bai zo ba. Ta ƙara takawa. Ban kalli talabijin ba, fuskar likitan nake kallo. Ya daɗe bai rubuta komai ba. Sai na ji Batula na faɗin "Ma sha Allah" ƙasa-ƙasa, na juya. Kwale-kwalen na tsakiyar ruwa. Bai kai tsallake ba a ranar. Likitan ya ninke takardarsa ya sa a aljihu, ya ce wani abu gajere ya fita.

Na ce, "Mi ya ce?"

"Ya ce ku zo ran Lahadi."

Wata ukun muka yi cif. Ranar sallama Malama Huda ta buɗe aljihun tebur ta miƙo mini gwangwanina, ta ce da yamma bayan an gama motsa jiki, in shafa yadda nake so, man kirki ne. Sai da ta lakuci kaɗan ta shafa a bayan hannunta.

Kada wanda ya karanta ya ce Ummi ta dawo da gudu. Ba ta warke ba, sun ce ba abin warkewa ba ne. Amma yanzu tana kama ƙarfenta mai taya ta tashi daga ƙofar ɗaki ta kai gindin rumbu, ba wanda ya riƙe ta, tana tafe tana yi wa kaji tsawa. Ta kuma taras da ƙanenta, wanda aka haifa a asibitin Kankiya ina can.

Zinatu ta ce ta rufe littafin? Na ce a'a, saura layi ɗaya. Ranar haihuwar Ummi, kwana biyu wannan yarinyar da ke riƙe da biro tana naƙuda a ɗakina. Sau uku mijinta na kawo mota bakin ƙofa, sau uku ina cewa ya mai da ita, ni na san aikina. Likitoci sun ce ba a iya rantsewa ko daga nan ne ƙafar Ummi ta samu matsala, ni ma ban sani ba. Amma motar ta zo, ni na kore ta, kuma shekara takwas ban taɓa faɗa da bakina ba.

Ta ajiye biron tana goge ido. Na ce ɗauki, Zinatu. Rubuta.